Shago da Sunan Maigida

Wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya ji labarin kasuwa ta buɗe a Kumasi, sai ya ɗauki ƙaninsa suka tafi. Suka sauka a zango, gidan wani dattijo da ya saba saukar mahaifinsu tun zamanin fataucin goro.

Da suka je wurin lauya kan rajistar kamfani, ya karanto musu dokar zuba jari ta Gana ta 2013. Baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya shigo da jarin dala miliyan 1, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan ƙasa 20 aiki. Kasa kaya a kasuwa kuwa na 'yan ƙasa ne kaɗai. Alhaji ya cire hula ya share gumi.

Bayan lisha dattijon ya ce, "Ɗana, kada wannan ya hana ka barci. A sa sunana a takarda, dukiya taka ce. Ni da mahaifinka ba mu taɓa yin rubutu ba."

Ƙanin ya ja shi gefe. "Yaya, lauyan nan ya ce kamfanin da aikinsa fitar da kaya waje ne kawai ba a neman wannan jari a wurinsa. Mu kama man kaɗanya, da sunanmu."

"Kai yaro ne. Ina ribar kaɗe, ina ta yadi?"

Kowa ya kama gabansa. Shi dai dattijo, a faɗi gaskiya, ya riƙe amana. A kawo masa cak ya sa hannu, ko adadin ba ya dubawa. Shago ya cika, Alhaji ya ƙara sito.

Ana nan sai dattijo ya kwanta dama. Bayan sadakar arba'in magada suka zauna, aka fito da takardun kamfani, ga sunan marigayi shi kaɗai. Babban ɗan ya ce, "Alhaji, ni na san gaskiya, amma ƙannena da iyayensu mata takarda suka gani."

Alhaji ya garzaya wurin lauya. Lauya ya rufe ƙofa, ya ce masa fakewa da sunan ɗan ƙasa laifi ne, in ya je kotu kansa zai fara tonawa.

Aka raba shago da sito cikin gado. Yanzu Alhaji ne ke riƙe da littafin sito a kamfanin ƙaninsa a Tamale, albashi yake karɓa.