Idan jama'a ta yi zalunci, wuyan wa za a riƙe?



Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya cikin makon nan. Shi mamba ne a wata ƙungiyar 'yan kasuwa. An zargi ma'ajinsu da cin kuɗi, aka kira taro ran kowa a ɓace, aka ce a ɗaga hannu, aka kore shi. Daga baya lissafi ya fito, ashe ba shi ya ci ba. Sai yake cewa: "Malam, ni fa ban taɓa zarginsa ba, na ga kowa ya ɗaga ne ni ma na ɗaga. Ƙungiya ce ta kore shi. Akwai wani abu a kaina?"

Tambayar ta mayar da ni ajin falsafa a jami'a, inda na fara jin yadda mutanen tsohuwar Girka suka sha fama da wannan mas'ala. Kafin wani ya fara rubuta min raddi: aƙida ba a wurinsu muke ɗauka ba. Amma sun gwada mulkin taro da jikinsu, sun ga abin da yake haifarwa, sun kuma rubuta.

A birnin Atina, majalisar jama'a ce ke yanke yaƙi da sulhu da kisa. Dubban maza 'yan gari suna taruwa a kan wani tudu, a yi jawabi, a ɗaga hannu. Mata da bayi da baƙi ba sa ciki, don haka kalmar "jama'a" a bakinsu tana da iyaka.

A shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Atina ta murƙushe tawayen garin Mitilini da ke tsibirin Lesbos. Majalisa cikin fushi ta yanke a kashe duk namiji baligi na garin, a bautar da mata da yara. Aka tura jirgin ruwa da umarnin. Da gari ya waye sai jikin mutane ya yi sanyi, aka sake zama. Kiliyon ya ce a tsaya kan hukuncin jiya, Diyodotus ya ce a janye. Abin lura, Diyodotus bai roƙe su da tausayi ba, maslahar Atina ya nuna musu: in kowane mai tawaye ya san kisa ne ƙarshensa ko ya miƙa wuya, to zai yi yaƙi har numfashin ƙarshe. Aka sake ɗaga hannu, ya yi rinjaye da ƙyar. Aka tura jirgi na biyu, alhali na farko ya ba shi ratar kusan yini da kwana. Masanin tarihi Tusididis ya ce matuƙan suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa, barci ma karɓa-karɓa suke yi. Suka isa kwamanda ya gama karanta takardar farko, yana shirin zartarwa. Garin ya tsira, duk da an kashe sama da mutum 1,000 da aka ɗora wa jagorancin tawayen.

To ka riƙe wannan, ga na biyu. A shekara ta 406 Atina ta ci yaƙin ruwa a Arginusa, amma guguwa ta hana a ceto waɗanda jiragensu suka nutse. Jama'a ta harzuƙa. Aka kawo shawarar a yanke wa kwamandoji 8 hukunci da ƙuri'a guda, a dunƙule, ba tare da an saurari kowa shi kaɗai yadda aka saba ba. Da wasu suka ce wannan ya saɓa doka, taro ya ɗauki ihu, wai wa ya isa ya hana jama'a abin da take so. Masu jagorancin zaman suka tsorata suka bi, sai mutum ɗaya: Sukurat. Ya ce ba zai sa hannu a abin da ya saɓa doka ba. Bai ceci kowa ba. An kashe 6 da suka dawo gida. Ba a jima ba jama'ar ta yi nadama, sai dai nadamar tata ita ce neman waɗanda "suka yaudare ta" don a hukunta su. Haka suka yi a 413 bayan rundunarsu ta hallaka a Sisili: suka huce kan masu jawabin da suka zuga su, kamar ba su ne suka ɗaga hannu ba.

Aflaɗun, almajirin Sukurat, ya ga wannan jama'ar ta kashe malaminsa a 399. Bai ƙara yarda da taro ba. A littafinsa na Jamhuriya ya kamanta shi da wata ƙatuwar dabba wadda masu wayo suka karanci abin da ke faranta mata da abin da ke fusata ta, suke kiran wannan ilimi. A wurinsa mafita ita ce masu sani su riƙe ragama. Ni dai ina ganin ya gano ciwon, amma akwai haɗari a kiran jama'a dabba: dabba ba a tuhumarta. Wanda ya ɗaga hannu zai ji daɗin wannan kwatance ƙwarai.

Arisɗo ya fi burge ni a nan. A littafinsa na Siyasa (wanda bai kai hannun Ibnu Rushd ba a Andalus, shi ya sa ya yi sharhin Jamhuriya a madadinsa) ya yarda cewa jama'a tana iya zama kamar mutum guda mai hannuwa da idanu da yawa. Ya kawo misalin walimar da kowa ya kawo tasa gudummawar, wadda takan fi ta mai kuɗi ɗaya. Sai dai ya ce ba kowane taro ne haka ba. Sannan ya ɗaga wata tambaya mai nauyi: in azzalumin shugaba ya ci bashi da sunan gari, aka kifar da shi, garin ne ya ci bashin ko shi? Ya ce abin da ke sa gari ya zama shi ɗin ne shi ne tsarin da ya haɗa mutanensa, kamar yadda mawaƙa ɗaya za su zama wata ƙungiya daban in wasan ya canza. Amma maganar ko a biya ko kada a biya, ya bar ta a buɗe.

Mutanen Atina su sun amsa ta a aikace. Bayan faɗuwar mulkin danniya na mutum 30 a shekara ta 403, akwai bashin talanti 100 da ɓangaren danniyar ya karɓo daga Isparta don ya yaƙi 'yan dimokuraɗiyya. Waɗanda aka ciwo bashin don a kashe su, da suka dawo mulki, suka yarda a biya daga aljihun kowa, don a fara zaman sulhu da shi. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji kunyar yadda sabon shugabancin ƙungiya kan ce alkawarin tsohon shugabanci bai shafe shi ba.

Ga abin da na fahimta daga duk wannan. Jama'a tana aikatawa da gaske. Tana ɗaukar alkawari, tana cin bashi, tana zalunta, kuma haƙƙin gyara yana bin ta ko da mutanen cikinta sun canza. Malaman fiƙihunmu ma sun san taklifin da ke hawa kan jama'a a dunƙule, shi ne farillar kifaya: in wasu suka sallaci gawa ta sauka daga kan kowa. Amma dubi ɗaya gefen hukuncin. In aka bar ta, ba a cewa "gari" ya yi laifi a wuce, laifin yana sauka kan duk wanda ya sani kuma yake da iko. Zunubi ba buhun hatsi ba ne da za a raba wa mutum 40 kowa ya tashi da ɗan mudu. Ƙungiya ba ta da hannu sai na mambobinta, kuma ba za a tashe ta ranar hisabi ba.

Na san abin da ɗan'uwan zai ce: ko da ban ɗaga ba, da an kore shi. Wataƙila haka ne. Sukurat ma an kashe kwamandojin duk da ƙinsa. Amma tambayarka ai ba ita ce ko za ka iya cetonsa ba, cewa ka yi akwai wani abu a kanka. Ɗaga hannu shaida ce, kuma ka ba da ita kan abin da kai da bakinka ka ce ba ka yarda da shi ba. Sannan wa ya gaya maka kai kaɗai ne? A Mitilini 'yan hannuwa kaɗan ne suka raba tsakanin rayuwar gari da mutuwarsa. Mai yiwuwa a ɗakin nan naku akwai mutum biyar ko goma da kowannensu ke satar kallon na kusa da shi, yana jiran wani ya fara.

Ban ce laifinku ɗaya da wanda ya ƙulla sharrin ba. Wanda ya ƙaga, da wanda ya zuga, da wanda tsoro ya sa ya bi, ba a awo ɗaya suke ba. Wanda kuma aka kawo masa hujjar ƙarya ya gaskata bayan ya yi iya bincikensa, shi da uzurinsa. Kai dai ba ka cikin waɗannan na ƙarshe, bisa bayaninka.

Abin da na ce masa abu biyu ne. Na farko nasa ne shi kaɗai: ya taka har gidan mutumin, ya ce ni wane na ɗaga hannu a kanka ba da hujja ba, ka yafe min. Kada ya ce "an yi maka ba daidai ba", ya ce "na yi". Na biyu na ƙungiya ne, kuma ba zai faru ba sai wani ya miƙe: a zama na gaba ya nemi a janye korar a rubuce, a wanke mutumin a gaban waɗanda aka ɓata shi a gabansu, a biya shi abin da ya rasa daga asusun ƙungiya. Na kuma gargaɗe shi da tarkon Arginusa, domin ya ce tuni wasu sun fara cewa a kori wanda ya fara kawo zargin. In an ga ya cancanci hukunci, a saurare shi tukuna, shi kaɗai, da hujja.

Ya ce zaman nasu ranar Asabar ne, kuma yana tsoron shugaban ba zai ba shi dama ya yi magana ba. Na ce ya nemi mutum biyu cikin waɗanda suka ɗaga hannu tare da shi tun kafin ranar, su shiga tare.

Wallahu a'alam.