Chaplin da Aplin: wa ya mallaki gashin-bakin?

A shekarar 1922 ne Charlie Chaplin ya maka wani ɗan wasa mai suna Charles Amador a kotu a Kalifoniya ta Amurka. Laifin sa? Ya ɗora 'yar hular nan, ya manna guntun gashin-baki, ya zura burgujejen wando da manyan takalma, ya ɗauki sanda, sannan ya raɗa wa kan sa suna "Charlie Aplin". Haruffa biyu kacal ya yanke!

Ɓangaren Amador su ka ce ai kayan nan ba Chaplin ne ya fara saka su ba, 'yan barkwanci sun daɗe su na amfani da su. Kuma da gaskiyar su. Mu da mu ka san yadda ake ɗebo labaran Indiya a finafinan mu, bai kamata mu yi saurin jifa ba. Amma kotu ta ba Chaplin gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1928, domin ana so a sa ɗan kallo ya biya kuɗin Chaplin ya kalli wani daban. A zamanin da fim ba ya magana, babu muryar da za ta tona asirin jabu. Shiga da tafiya su ne mutum. Billy West ma ya kwaikwayi Chaplin kamar an tsaga kara a wajejen 1917, sai dai shi da sunan sa ya ke fitowa.

To, mai karatu, ga inda abin ya ɗaure mani kai. Shi kan sa Chaplin da sojan gona ya ci abinci. A 'The Pilgrim' (1923) fursuna ne da ya tsere ya saci kayan fasto, mutanen gari su ka tarbe shi har ya yi masu wa'azi. A 'City Lights' (1931) wata makauniya mai sayar da furanni ta ji ƙarar rufe ƙofar mota, ta ɗauka attajiri ne, shi kuwa gogan naka ya yi gum. Mun yi dariya, mun kuma tausaya masa. Me ya sa mu ka yafe wa wannan, mu ka ƙi Amador?

A gani na, sai a duba aljihun wa ƙaryar ta cika. Amador ya ari fuskar wani ya karɓa. Shi kuwa talakan Chaplin sharar titi ya yi, ya sha duka a dambe, har gidan yari ya shiga, duk don yarinyar ta samu kuɗin haya da na aikin ido. Duk da haka ban wanke shi tas ba, domin ya bar ta ta gina buri a kan mutumin da babu shi. Da idon ta ya buɗe, kullum ta na zuba ido ga zuwan wani saurayi mai mota. Ran da su ka haɗu, dariya ta fara yi wa mai tsumman da ke leƙen ta, sai da ta kama hannun sa za ta ba shi sadaka sannan ta gane shi.