Ka Karɓi Lamba Kafin Ka Karɓi Makulli

Ɗana, na ji kana tara kuɗin mota, har idonka ya fara tsayawa kan waɗanda ake jerawa a bakin titin Kachia, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, an wanke su tas, tayoyi sai ƙyalli. Allah ya cika maka buri. Amma ka ɗan zauna mu yi magana kafin ka kai ga ba da kafin alƙalami.

Na san abin da za a gaya maka, don maganar ba ta canzawa. "Wannan ba ta da komai. Wata tsohuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai kanti. Mai kawai za ka zuba ka kama hanya." Kada ka yi saurin cewa dillalin maƙaryaci ne. Sau da yawa shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Kafin motar ta iso gabanka ta bi ta hannun mai gwanjo a Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, wataƙila ta kwana biyu wurin mai gyaran jiki da mai fenti, sannan aka koro ta Kaduna. Mutumin da ke tsaye kusa da kai shi ne na huɗu ko na biyar a jerin, kuma la'adarsa tana jiran ka ce ka saya. Ko shi waliyyi ne, bai ga ranar da motar ta faɗa rami ba.

Akwai waɗanda suka gani, kuma sun rubuta. Garejin da ya riƙa yi mata juye ya rubuta. Kamfanin inshorar da ya biya kuɗin hatsarinta ya rubuta. Ofishin da ya yi mata rajista ya rubuta, tare da abin da mitarta ke nunawa a ranar. Duk sun rubuta ne tun ba su san za a kawo ta Kaduna ba, ba su san ka ba, ba su da ko sisi a cinikinka. Shi ya sa shaidarsu ta fi ta kowa nauyi. Idan za ka yi aure ba ka tsayawa ga abin da mai dalili ya faɗa, sai ka tura a binciko asali. To, asalin mota a rubuce yake, kuma wayar da ke aljihunka tana iya kai ka gare shi.

Ƙofar shiga ita ce lambar casis, wadda takardun waje ke kira VIN. Tun 1981 kowace motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da ita, haruffa da lambobi 17, ba ƙari ba ragi. Ka tsaya ta gefen direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka gan ta a wani ɗan faranti. Ka buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, tana nan kuma. Ka ɗauki hoton duka biyun, ka gwada su da wadda ke cikin takardun kwastan, harafi bayan harafi, ba tare da kunyar wanda ke jiranka ba. Idan ka ga harafin I ko O ko Q a ciki, akwai matsala, domin ba a sa su sam. Idan farantin ya nuna alamar an taɓa shi, ko takardar ƙofa ta ɓace a ce wurin fenti ne ta fita, ka yi sallama ka wuce.

Tun kafin ka kashe ko kwabo, lambar tana magana. Harafin farko yana gaya maka inda aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Na goma kuwa, a motocin kasuwar Amurka, shi ne shekara. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ce, 1 zuwa 9. Daga nan sai haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan na goman ka riƙe shi da kyau, don yanzu sana'a ce guda a canza wa mota fitilu da bamba da hancin gaba, a mayar da 'yar 2008 ta yi kama da 'yar 2011, a ɗora mata kuɗin ƙanwarta. Fitila tana canzuwa cikin yini ɗaya. Lambar 8 da ke zaune a gurbi na goma ba ta san an yi ba.

Daga nan sai ka rubuta lambar gaba ɗaya a Google. Da yawa daga cikin tokumbon da ake sauke mana sun fito ne daga gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu, kuma hotunan ranar gwanjo sukan daɗe a intanet. A nan ne mutum kan ga Camry ɗin da yake shafawa yanzu, gabanta a murƙushe har gindin gilashi, jakunkunan iska a fashe suna reto daga sitiyari, ga kuma hoton mita da adadin da take nunawa a ranar. Wannan duk kyauta ne.

Sannan ka cire kuɗi ka sayi cikakken rahoto, na Carfax, kamfanin da aka kafa tun 1984, ko na AutoCheck. Kuɗinsa bai wuce na cika tanki sau ɗaya ko biyu ba, kai kuma miliyoyi za ka zube. Ka saya da kanka, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya sayo a gabanka. Takardar da mai mota ya zaro daga aljihun gaba ya miƙo maka, kada ka gina komai a kanta. Duk yaron da ya iya kwamfuta yana iya goge layi biyu ya buga sabuwa.

Karanta rahoton shi ne inda nake so ka natsu, domin mutane da yawa suna duba saman shafi kawai, su ga ba a ambaci hatsari ba, su rufe. Ka gangara inda aka jera ranaku da mil. Kowane layi ziyara ce: ranar kaza an yi juye a mil kaza, ranar kaza an canza burki, ranar kaza an duba hayaƙi. Bi su da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Dole adadin ya riƙa hawa. A ce layin ƙarshe ya nuna mil 186,000 a 2021, ga shi yau mitar da ke gabanka tana cewa 92,000. Ba sai an kira malami ba, an mayar da mita baya, kuma da ƙaramar na'ura ake yi cikin 'yan mintoci. Ka tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne. Ba'amurke yakan ci wajen mil 12,000 a shekara, saboda haka motar da ta shekara 14 tana nuna 60,000 tana bukatar hujja mai ƙarfi, ba labarin tsohuwa ba.

Ka duba tazarar juye. Injin da aka riƙa canza wa baƙin mai a kan kari, ko ya yi mil 200,000, ni na fi son sa a kan wanda ya yi rabin haka amma shekara uku ba a ga sawunsa a gareji ba. Sai dai ka yi adalci: akwai masu yin juye da hannunsu a gida, akwai ƙananan gareji da ba sa aika bayani ko'ina. Giɓi a tarihi tambaya ce, ba hukunci ba. Idan Toyota ce ko Lexus, shafin masu mota na kamfanin yana nuna aikin da aka yi a garejin wakilansu na Amurka idan ka shigar da lambar. Mercedes da BMW da Volkswagen sun daɗe da ajiye littafin sabis na takarda a sababbin motocinsu, tarihin yana rumbun kamfani, wakilinsu na iya fitar da shi, a BMW da yawa ma yana nan a allon motar. Beljiyam kuwa, wadda muke laƙaba wa duk motar da ta tsallako teku, tun 2006 take da takardar Car-Pass mai jera abin da mita ta nuna duk sanda mota ta shiga gareji. In an ce maka daga can take, tambayi wannan takarda ka ga yadda fuska za ta yi.

Ka duba kuma inda ta zauna. Jihohin ƙanƙara irin su Michigan da Ohio da New York suna barbaɗa gishiri a titi, gishiri kuma cin ƙarfe yake ta ƙasa. Texas da Florida da Louisiana kuwa ruwa ne abin tsoro. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma irin waɗannan ba a binne su, gwanjo suke tafiya. Idan ka ga kalmar Salvage a rahoton, inshora ta sallama ta. Rebuilt, an sallama ta sannan aka gyara. Flood, ta sha ruwa. Mai hatsari ba haramun ba ce. Idan bugun baya ne ko na gefe, casis bai lanƙwashe ba, aka gaya maka gaskiya aka rage kuɗi, saya da idonka biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ta nutse ce nake roƙonka ka bari ko da rabin kuɗi. Ruwa yana shiga wayoyi da ƙwaƙwalwar mota ya kwanta, sai bayan wata shida ya fara aiki: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mace maka da magariba tsakanin Rijana da Katari, ga iyali a baya.

Wani abu da kusan ba wanda ke dubawa: shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, yana nuna kyauta ko kamfani ya taɓa kiran motar don gyara wani aibi kuma ba a kai ta ba. Mafi girma shi ne na jakar iskar Takata, wadda aka sa wa miliyoyin motoci, har da Honda da Toyota irin waɗanda suka cika titunanmu. Sinadarin cikinta yana lalacewa da zafi da laima, ranar da ta fashe sai ta watso ƙarfe a fuskar direba. Zafi da laima kuwa, ka san daminar Kaduna.

To, ga iyakar wannan ilimi, kada in bar ka da rabin magana. Rahoto yana tsayawa ne a bakin teku. Duk abin da ya sami motar daga tashar jirgi zuwa yau, babu shi a ciki. Da can, lokacin da kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, ma'aikacin masaƙa ko na gwamnati da ya sayi 504 yana da littafin sabis mai hatimi, kuma unguwa duka ta san motar da bakanikenta. Yanzu yawancin garejinmu ba sa rubuta komai, sai abin da maigidan gareji ya riƙe a ka. Motar da aka hau a nan shekara biyar, ko wadda ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta shanye aka busar aka kawo kasuwa, ba kwamfutar da za ta tona ta daga nesa.

Nan ne aikin bakanikenka, naka, ba wanda mai mota ya kira ba. Ya zo da sikana. Tun 1996 motocin Amurka suna da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan aka jona, a yawancinsu yana nuna lambar casis da ke cikin ƙwaƙwalwar motar, a gwada ta da ta gilashi. Yana nuna ko an goge laifuffuka ɗazu-ɗazu don a kashe fitilar gargaɗi, domin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba. A wasu motocin ma yana zaƙulo ainihin mil daga wani sashen da mai mayar da mita ya manta. Kai kuma ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar inji da ta jakar iska da ta burki su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta da baƙin tef. Ka jawo bel har ƙarshensa ka duba ko akwai layin laka. Ka ɗaga kafet ɗin but, ka fitar da safaya, ka shinshina. A hau da ita rami a ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na nan, don cire shi ake yi a sayar daban a toshe gurbin da bututu.

Saura takardu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma tun 2022 kwastan ke amfani da lambar casis wajen yanke diyuti, saboda haka ka kai lambar ofishinsu a tabbatar maka an biya, kada a karɓe motar a shingen hanya kana ji kana gani. Shafin NICB na Amurka yana nuna kyauta ko an ba da rahoton sace ta. Kada ka ɗauka abin nesa ne: a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su ƙasar nan.

Ranar biya, kada a yi cinikin baki. A rubuta yarjejeniya, a sa lambar casis cikakkiya, a sa abin da mita ke nunawa, a rubuta abin da mai mota ya ce game da hatsari da ruwa da diyuti, shi da dillali da shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin kuma ya bi ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan wanda ya sa hannun.