Hukuncin Alwala da Salla Ga Mai Wuni a Daji Gefen Tabki

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Toronto ta ƙasar Kanada. Mun shirya da abokaina ranar Asabar za mu je gandun dajin Algonquin, mu wuni muna tattaki gefen tabki da kogi, mu dawo da dare. An ce ruwan wurin ja ne kamar shayi. Zan iya alwala da shi? Kuma zan yi ƙasaru?

AMSA: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, fitar nan halas ce, tunda motsa jiki ne da kallon halittar Ubangiji. Ba ta shiga tafiyar wargi da malamanmu na Malikiyya suka karhanta wa ƙasaru ba.

Batun ruwa, ka yi alwalarka. Jan da ake gani daga ganyaye da saiwoyi da fadamun da ruwan ke ratsawa yake fitowa. Ruwan da ya jirkita saboda mazauninsa, kamar laka ko gansakuka, yana nan da tsarkinsa. Game da ganyen itace akwai saɓani a mazhaba, to amma an yi rangwame inda kiyayewa ta yi wuya, kuma wa zai tsare tabkin da ke tsakiyar kurmi daga ganye? Sai dai tsarki daban, lafiyar ciki daban. Ruwan sha kam, ka tafasa shi ko ka taho da naka. Tunda ruwan mai tsarki ne, babu taimama ga shi a gabanka, sai in sanyi zai cuce ka ko kuwa namun daji sun tare mashayar, uzurin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambata. Kada kuma ka yi bawali a ruwan da ke tsaye, hanin ya tabbata a Buhari da Muslim.

Ƙasaru kuwa, nan ne mutane ke ruɗewa. Gajiya ba ta kawo ƙasaru, nisa ke kawo ta. Ma'aunin shi ne baridi huɗu, wato mil 48, wajen kilomita 80, kuma zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa. Da tattakin nan a bayan garinku yake, ko ka wuni kana zagaye, cika salla za ka yi. Amma daga Toronto zuwa Algonquin ya haura kilomita 200, don haka kai matafiyi ne tun da ka bar gine-ginen birni har ka dawo gare su. Azahar, La'asar da Isha raka'a biyu-biyu, Magariba uku yadda take. Haɗa salla biyu ya halatta, sai dai mai tafiya a ƙasa ba abin da ke hana shi tsayawa, kowace a lokacinta ya fi.

Ka lura da alƙibla. Mu a gida gabas muka saba fuskanta, can kuwa arewa maso gabas take. Ka tantance ta tun kafin layin waya ya ɗauke. A wajen alwala kuwa, shafa a kan takalmi sai in na fata ne, ya rufe idon sawu, kuma da alwalar ruwa ka sa shi. In da yadi a jikinsa, cire ka wanke ƙafa.

Kada ka ware daga abokan tafiya. Allah ne mafi sani.