Katin Kanti Da Makin Da Ake Ba Ki Kyauta

Maganar tamu ta yau ta fi shafar 'yan uwa da aure ko karatu ya kai su Amurka, irin mutanenmu da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, da kuma ke uwa da kike gida amma 'yarki tana can.

Kin shiga babban kanti za ki yi wa yara sayayyar Sallah. Kin zo wurin biya, sai mai karɓar kuɗi ta yi miki murmushi ta ce in kin buɗe katin bashi na kantin yanzu-yanzu za a rage miki kashi 15 ko 20 cikin ɗari, kuma za ki riƙa ganin makinki na bashi kyauta duk wata. Layi ya yi tsawo a bayanki, yaro yana jan hijabinki. Kafin ki ankara kin sa hannu.

To, mene ne wannan maki? A Amurka akwai manyan kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda aikinsu shi ne tara labarin bashin mutane: wa ya ci, nawa ya ci, ya biya a kan lokaci ko ya yi jinkiri. Daga wannan labari ake fitar da lamba, yawanci tsakanin 300 da 850. Banki yana duba ta, mai ba da motar bashi yana duba ta, sau da yawa har mai gidan haya. Shi ya sa 'yar uwa baƙuwa, wadda ba ta taɓa cin bashin kowa ba, sai ta tarar ba ta da maki ko kaɗan, kamar ba a san da zamanta ba. Wannan damuwa ce ta gaske, ba na raina ta.

Amma abin da ba za a gaya miki a wurin biya ba shi ne, makin ba guda ɗaya ba ne. Kin san yadda mudun wannan kasuwa yake bambanta da na waccan, alhali hatsin ɗaya ne? Haka abin yake. Akwai ma'aunin FICO wanda ya fito a 1989, akwai VantageScore wanda kamfanonin nan uku suka haɗu suka kafa a 2006. Shi kansa FICO iri-iri ne, tsoho da sabo, har da na musamman don bashin mota da na kati, waɗanda ke tashi daga 250 zuwa 900. Ga shi kuma ba kowane mai ba da bashi ne ke kai rahoto ga kamfanonin uku duka ba. Saboda haka kina iya ganin lamba mai daɗi a wayarki, ki je neman wani abu a auna ki da wani mudun daban, lambar ta sauko. Ba wanda ya yi miki ƙarya, amma kuma ba wanda ya yi miki alkawarin da wannan lambar za a yi aiki. Ita kanta buɗe katin takan ɗan rage makin na wani lokaci, domin an shiga binciken takardunki.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi mini nauyi. Takardar da kika sa wa hannu yarjejeniyar bashi ce da banki, kuma a cikinta akwai sharaɗin kuɗin ruwa idan wata ya zagayo ba ki biya duka ba. Katunan kanti suna cikin mafiya tsadar ruwa, da yawansu sun kai kashi 30 cikin ɗari a shekara. Ki yi lissafi: kayan dala 500, an rage miki 100, kin yi murna. Idan 400 ɗin nan suka shekara a kanki, ruwansu ya kai wajen dala 120. Ina rangwamen ya tafi?

Wannan asarar aljihu ce kawai. Ki buɗe ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa 279, ki ga yadda Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi barin riba. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, tsinuwar Manzon Allah (SAW) ba ta tsaya ga mai karɓa ba, ta haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Gaskiya ne akwai malamai a ƙasashen Yamma da suka yi sassauci ga mai larura, da sharaɗin ya biya duka a kan kari. Sai dai ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah: samun wurin kwana larura ne, to labule da takalmin Sallah fa?

Wani abin takaici, wasu cikinmu suna buɗe katin a ɓoye, maigida bai sani ba sai takardar bashi ta iso gida. Mutuwa kuwa ba ta sallama. An kawo wa Annabi (SAW) gawar mai bashi, bai yi mata salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wa zai ɗauki naki in ba wanda ya san da shi?

In dai sanin matsayinki kike so, ba sai da kati ba. Dokar Amurka ta 2003 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta daga kamfanonin uku, kuma tun 2023 an tabbatar da damar dubawa duk mako a shafin AnnualCreditReport.com. Rahoton ba ya zuwa da maki, amma shi ne tushen kowane maki, a nan za ki gane in an jingina miki bashin da ba naki ba, ki nemi a gyara. Idan matsin neman haya ne ya sa kike tunanin kati, ku zauna da maigida, ku kai wa malamin da ya san halin ƙasar tambaya kafin sa hannu, ba bayansa ba.

Ke kuma da katin ya riga ya shiga jakarki, ki duba takardarsa a daren nan. Musamman in an ce miki babu ruwa har wata 6 ko 12, ki rubuta ranar da wa'adin zai cika. A irin wannan tsari, ko dala 10 ce ta rage a ranar, ana iya lissafa miki ruwan tun daga ranar da kika sayi kayan.