Tawakkali da Hular Kwano

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, sau da yawa idan muka dawo daga jana'izar wanda moto ya kayar, sai in ji ana cewa kwanansa ne ya ƙare. Wannan gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Sai dai wasu matasanmu sun mai da wannan magana hujjar barin hular kwano, wadda muke ce wa kaske, har wani ya ce mini sanya ta raunin imani ne. To, shin mai kare kansa ya rage tawakkali?

Babu wanda ya kai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, dogaro ga Ubangijinsa. Amma ranar Uhudu sulke biyu ya haɗa a jikinsa, kuma ranar buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, ya shiga garin da kwalkwali a kansa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Sayyidina Umar ma, da ya ji annoba ta sauka a Sham, sai ya juya da jama'arsa, ya fahimtar da Abu Ubaida cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Ashe riƙon sababi ba kishiyar tawakkali ba ne. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara kuwa ta hana mutum jefa kansa cikin halaka.

Na san zafin bazara a Maradi ko Tawa, na san kuma kaske ba ya zama bisa rawani. Amma ƙoƙon kai ba ya jure karo da kwalta, kuma kasken da ba a ɗaure igiyarsa a ƙarƙashin haɓa ba, tun kafin mai shi ya kai ƙasa yake ficewa.

Abin da ya fi nauyi shi ne ran wani. Ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mace da goyonta, ya shiga tsakanin manyan motoci da gudu, ko ya hau hanyar Damagaram da dare ba fitila, ba da ransa kaɗai yake wasa ba. Amana aka ba shi. Haka uban da ya miƙa wa yaro makulli alhali ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan irin wannan: a cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, su ke da lamunin abin da ta taka. Idan an ɗora wa mai jaki lamuni, alhali jakin yana da nasa hali, ina ga mai moto, wanda ƙarfen ba ya motsi sai da hannunsa? Wanda gangancinsa ya kashe mumini bisa kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamacin, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Ko da magada sun yafe diyya, azumin nan yana nan a wuyansa.