Gudun Famfalaki A Kan Tafiyar Gaggawa: Ina Hakkin Jiki?

 Batun wannan mako ya shafi wata al'ada ce da ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar guje-guje. Mutum ya tashi daga aiki ran Juma'a da yamma, ya kwana cikin jirgin sama, ya sauka wata ƙasa ran Asabar, ya yi gudun famfalaki ran Lahadi da safe, da dare kuma ya sake hawa jirgi domin ya kama aiki ran Litinin. Shin wannan himma ce abar yabo, ko kuwa zalunci ne mutum yake yi wa kansa?

Tsawon wannan tsere mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da mita 195, gwargwadon da aka yi a wasannin Olamfik na London a 1908. Sunansa na Turanci ya samo asali daga wani wuri a ƙasar Girka, inda aka yi yaƙi shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana ba da labari cewa wani manzo ya sheƙo daga can zuwa birnin Atina da bisharar nasara, yana gama faɗi ya yanke jiki ya faɗi matacce. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, masu tseren sun riƙe shi, kuma ya isa ya nuna cewa abin ba wasan yara ba ne.

A yau akwai manyan tseren birane, irin su na Boston wanda aka fara tun 1897, da na London, Balin, Cikago, New York da Tokyo, kuma akwai lambar girma ta musamman ga wanda ya gama waɗannan shida. A 2021 annobar korona ta cakuɗa jadawali, aka yi na Cikago ran 10 ga Oktoba, na Boston kashegari, aka kuwa sami waɗanda suka yi duka biyun. Tun 2015 ma akwai gasar da ake yin tsere bakwai a nahiya bakwai cikin kwana bakwai, barci da abinci duk a jirgi.

Likitoci sun bayyana abin da jiki ke gamuwa da shi. Yana da agogonsa na barci da farkawa, kuma idan aka ƙetare ƙasashe masu bambancin lokaci, yakan bukaci kimanin kwana guda domin kowace awa guda ta bambanci kafin ya daidaita. Tsakanin Lagos da Tokyo awa 8 ne. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, tana ƙarar da ruwan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 2007 cewa zaman awa 4 ko fiye a wuri guda cikin tafiya yana ninka hatsarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ga kuma yanayin da baƙo bai saba da shi ba. A Doha a 2019, da tsakar dare aka yi tseren mata saboda zafi, amma cikin ƙwararru 68 da suka fara, 40 kaɗai suka kai ƙarshe.

Shi dai gudu a kan kansa babu laifi a cikinsa. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma sahabi Salamatu ɗan Akwa'u ya shahara da gudu. Inda magana take shi ne haɗa wahala biyu a wuri guda. Shari'a ta ɗauki tafiya ita kaɗai a matsayin wahala, shi ya sa aka rangwanta wa matafiyi. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya nufi tafiyar mil 48 zai mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, an yarje masa ya sha azumi ya rama daga baya, kuma ba ya fita daga hukuncin matafiyi sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu. Ashe ke nan mai zuwa ran Asabar ya koma ran Lahadi matafiyi ne tun daga fitarsa har dawowarsa. Mahaliccin jikin ya rage masa farilla saboda tausayi, shi kuwa ya ɗora wa jikin mil 26 na ganin dama. Wannan abin dubawa ne ga mai hankali.

Mutane da yawa suna cewa jikinsu nasu ne, su yi yadda suka so da shi. Amma wanda bai yi abu ba, bai saye shi ba, kuma za a karɓe shi a hannunsa ran da bai shirya ba, mai ajiya ne, mai ajiya kuwa ana tambayarsa. Lokacin da Salmanu Farisi ya ziyarci Abu Darda'i ya tarar ya duƙufa ga azumi da sallar dare, sai ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowanne yana da rabo a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Idan an hana gallaza wa jiki domin nafila, ina ga gallaza masa domin lambar da za a rataya a bango?

Wani zai ce wannan hukunci ya yi wa talaka tsanani. Mai kuɗi yana iya zuwa da mako guda ya zauna a masauki ya huta, ma'aikaci kuwa hutunsa ƙidayayye ne, guzurinsa kaɗan ne, ko ya tafi a gurguje ko ya haƙura har abada. Zai kuma kawo misalin Baturen Ingila Ranulph Fiennes, wanda a 2003 ya yi tsere bakwai cikin kwana bakwai, 'yan watanni bayan an yi masa aikin zuciya, domin tara wa masu ciwon zuciya gudummawa. Maganar tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa ba za a ce duk tafiyar gaggawa haramun ce ba. Amma tsirar mutum guda ba ta zama hujja ga kowa, kuma kyawun manufa ba ya canza yadda jini ke gudana a jijiya. Wanda aljihunsa bai kai hutun kwana uku ba, galibi bai kai kuɗin asibitin ƙasar waje ba, kuma idan ya faɗi, iyalinsa ne za su ɗauki asarar.

Saboda haka ma'auni shi ne mutum ya tambayi kansa kafin ya yanki tikiti. Likita ya duba shi ya amince? Ya zaɓi ƙasar da lokacinta da yanayinta suka yi kusa da na gida? Ya tsara inda sallolinsa za su faɗo tsakanin filin jirgi da filin tsere? Ya ɗaura niyyar cewa idan jiri ko ciwon ƙirji ya zo masa a mil na 18 zai tsaya, ko da kuɗin jirgi sun tafi a banza? Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya, domin wanda ya kashe albashin wata uku a kan safiya guda yana jin kunyar komawa gida hannu rabbana, kunyar kuwa ita ke toshe masa kunne daga abin da jiki ke gaya masa. Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, ya tafi da fatan alheri. Wanda ya kasa, ya jinkirta zuwa baɗi, domin Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Allah Ya ba da lafiya mai amfani, Ya sa a gane hakkin abin da aka ba mutum ajiya, amin.